Dariyar da Na Yi a Kan Tudu

Daren Asabar, sha biyu ga Zulƙida

Mun dawo Agadas da ƙafa. Yara sun yi barci, ƙafar Rabi duk ta kumbura.

Ni na ce mu je. Sanyi ya shigo, kasuwa ta mutu, na ce bari in kai su wurin Yaya Mamman kwana biyu, su ga tudun rairayin da muka yi wasa a kai muna yara. Na fito da raƙumin da na ɓoye wata uku saboda Nasara.

Jiya na koya musu zamiya a kan ƙirgi: gashi a ƙasa, a riƙe bakin fatar, a jingina baya. Idi ya sha faɗuwa kafin ya iya. Rabi kuwa ta wuce shi tana ihu, "Baba, dube ni!"

Ihun nan ya jawo su, Banasare da sojoji biyar. Ya sauka daga doki, ya karɓi ƙirgin, ya zame har ƙasa, hularsa ta tashi. Yara suka fashe da dariya. Ni ma na yi, har na gyara masa riƙo. Uwar yara ta kawo musu ruwa da cuku, baƙi ne ai.

Da suka ƙoshi, tafintan da ke cikin sojojin ya ce kumandan, wato Banasaren, na son raƙumin. Suka kwance shi, suka tafi da shi.

Ɗazu Rabi ta ce, "Baba, yaushe baƙon nan zai dawo mu yi wasa?"

Raƙumi kam, Allah na iya mayar mini. Dariyar nan ce na rasa inda zan kai ta.