Takarda a Cikin Harami

Daren Talata, unguwar Ruwais, Jidda

Wallahi ban yarda da mutumin nan ba. Yaya Sani ya zo Umra daga gida, ya sauka a wurina kamar kullum, duk da yanzu ɗan majalisar jiha ne. Da la'asar na kai shi kasuwar Bab Makka sayen yadi, sai ga wani Alhaji Bala, wai kwatsam ya gan mu. Kwatsam a Jidda? A ƙofar shagon fa muka tarar da shi.

Na tambayi sana'arsa, ya ce, "Kayan sanyi muke sayarwa, ƙanena." Sannan ya juya ga Yaya. "Ranka ya daɗe, kalma ɗaya muke roƙo. Inda aka ce a haramta, a mayar da shi a ƙayyade." Ya miƙa masa takarda.

Sai a mota Yaya ya gaya mini shugaban masu sayar da giya ne na jiharmu, kuma dokar giyar tana gaban kwamitinsa. Kayan sanyi! Na ce, "Yaya, har nan ya biyo ka da wannan zance?" Ya ce, "Sauraro kawai na yi, Habu. Aikina ne." Na ce halas, shi ke nan.

Wataƙila gaskiya ne. Amma ɗazu ina haɗa masa kayan Makka, na ga takardar ninke tsaf a cikin haraminsa. Ban taɓa ta ba. Gobe ni zan tuƙa shi, ban san da wane kunne zan saurari Labbaikarsa ba.