Katin Matata Ya Hana Ni Sakat

Anti, don Allah ki cece ni, asirina na gab da tonuwa. Ni bakanike ne. In na ji kukan mota sau ɗaya zan faɗi ciwonta, amma ga ɗan kati da bai fi tafin hannu ba ya hana ni sakat.

Ranar haihuwar matata ce ke tafe ƙarshen makon nan. Abin da na saba, in sayi kati mai rubutu a ciki, in sa hannu a ƙasa kamar takardar karɓar kaya. Bana ta ce ba ta son turare, ba ta son takalmi, kalamaina take so da rubutun hannuna. Tana dariya ta faɗa, amma na ga idonta, ba wasa take ba. Wai tun da muka yi aure yabon da ta taɓa samu a wurina shi ne ranar da na ce ta iya fakin ɗin mota.

Na je shago na zaɓi kati mai kyau, ashe mai kiɗa ne, da an buɗe sai ya kama waƙa. Da na koma gida na shige banɗaki da biro, ina buɗewa matata ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambayar ko lafiya. Na ce wayata ce. Yanzu a gareji nake fama, cikin motar wani kwastoma, gilashi a rufe, gumi na zuba. Batirin katin ma ya fara sanyi, waƙar ta koma kamar kukan mage mai mura. Ga tambarin babban yatsana na baƙin mai a tsakiyar furen da ke jikin katin.

Na gwada a bayan kwalin filogi. Na rubuta: “Shekaru sun ja amma bodi na nan garau, ba ki taɓa tsayar da ni a hanya ba.” Wallahi a wurina babu yabon da ya wuce wannan. Na karanta wa yayata, ta yi dariya har ta ƙware, ta ce in dai wannan zan kai gida, in fara haɗa kayana. Maƙwabcina malamin makaranta ya ce in bar masa aikin. Ya cika min shafi da taurari da raɓar asuba, har da wai muryarta kamar sarewa. Anti, muryar matata daga bakin titi ake jinta, ita ma ta sani.

Ba wai ba na son ta ba ne fa. In na dawo na tarar ta je unguwa, gidan ba ya zaunuwa, sai in yi ta zagaye a falo kamar wanda ya yar da makulli. Amma ai ba a rubuta irin wannan a kati. To in kwafe na malam? Ko in ce mata katin ya ɓata?

Bakanike mai neman mafita

Malam bakanike,

Da farko dai ka fito daga motar nan ka sha iska, kada kati ya kai ka asibiti.

Yayarka ta yi gaskiya. Babu macen da ke son a yi maganar bodinta da shekarunta a layi ɗaya, komai kyan niyya. Sai dai ni ba zan yi maka dariya ba, don na gane abin da kake nufi: ba ta taɓa ba ka kunya ba. Wannan magana ce babba, kayan gareji kawai ka sa mata.

Ka mayar wa malam taurarinsa da godiya. Matarka ta san bakinka, layin farko za ta gane na aro ne, kuma hakan zai fi sa hannun da ka saba yi mata zafi. Ƙaryar ɓatan kati kuwa kada ka soma, ai ta riga ta ji kiɗan.

Ka ce ba a rubuta zancen falo a kati. Wa ya kafa dokar? Shi za ka rubuta, yadda ka faɗa min, ko gyara kada ka yi. Ka ƙara da abu ɗaya da ta yi maka wanda ba ka taɓa gode mata ba, ka rufe da addu'a. Layi uku sun isa. Ita ma ina roƙonta ta yi haƙuri da kai, namijin da bai saba ba ba ya zama mawaƙi a mako guda.

Ka wanke hannu da sabulu, ka sayi farin kati marar waƙa. Sannan ka miƙa mata da kanka, kada ka tura ƙarƙashin filo ka gudu wurin aiki. Ka tsaya a gabanta har ta gama karantawa.

Allah ya ƙara mata shekaru masu albarka, ya bar ku tare, kai kuma ya buɗe maka baki.

Anti