Kututture Mai Lamba 14 da ke Bayan Gidana

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kare Baƙin Aku, Fon Zanblon, Praslin
Daga Madam Florise Accouche, gidan ƙarshe a hanyar tudu
Litinin, 9 ga Disamba, 2024

Game da: jan fentin da aka shafa wa kututture mai lamba 14

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena.

1. A bayan gidana akwai busasshen kututturen palmis, dangin giginya, mai kogo. Shekara shida ke nan baƙaƙen aku suna ƙyanƙyasa a ciki. Sun cinye mini gwanda da ƴaƴan itacen bilenbi ba adadi, ban taɓa kai ƙara ba.

2. Ran 4 ga Oktoba jami'inku, Msye Gonzague Larue, ya naɗe gindin da fallen kwano don hana ɓeraye hawa, ya kafa lamba 14. Da bakinsa ya gaya mini cewa itace mai lamba ba mai taɓa shi, marar lamba kuwa itacen girki ne kawai.

3. Ran Lahadi 1 ga Disamba na dawo daga coci na tarar babu kwanon, babu lambar, sai ramukan ƙusa huɗu. Msye Larue ya ce iska ce. Ranka ya daɗe, shekarata saba'in da ɗaya a tsibirin nan, ban ga iskar da ke zare ƙusa ta bar mini shanya a kan igiya ba.

4. Kwano irinsa sak, har da lanƙwasarsa, yanzu yana rufe da akurkin kajin maƙwabcina, Msye Wilby Confait. Ban ce shi ne ba. Ina dai tunatarwa cewa Msye Larue ƙanwar Msye Confait yake aure, kuma kututturen nan ne kaɗai ya tare hanyar motar da Msye Confait yake son fitarwa zuwa ɗakunan baƙinsa.

5. Ran 6 ga wata aka shafa masa jan fenti, wai ruɓaɓɓe ne mai haɗari, za a sare shi ran Alhamis 12 ga wata da ƙarfe takwas na safe. Da na ambaci tsuntsayen, aka ce ba sa cikin rajista. Ƴaƴa biyu ne a kogon, ko gashi ba su gama ba. Daga madafata nake jin kukansu, kuma raina a ɓace yake ƙwarai.

Don haka ina roƙo a dakatar da saran, a turo wani jami'in da ba surukin kowa ba ya hau tsani ya leƙa, a mayar da kwanon da lambar.

Idan takardar nan ta makara a kan tebur, masu zarto za su same ni a kujerata, na jingina da kututturen. Sai su zo da ragowar fentin.

Taku cikin ladabi da biyayya,
Florise Accouche