Kanarin da Ya Tashi Gefen Keken Ɗinki

Kai mai buɗe wannan kaye, littafin sirrina, ba da iznina ba, rufe shi. Ido mai leƙe da hannu mai ɗauka uwarsu ɗaya.

Talata, 12 Satumba 1978, Buza
Maigida Isiyaku ya dawo daga garkarmu, lambun da ke Tama, da ɗiyan tsuntsu uku cikin hula, iska ta kayar da sheƙunansu. Kanari biyu, gwara ɗaya. Dattijo da furfura, ya zauna saƙa kejin kara. Wai zai rataye su kusa da tsohon kanarinsa na zaure su ɗauki karatu. Na ce gida ke yin ɗa, ko gwaran ma zai rera in ya samu tarbiyya. Ya ce, "To, Madam Kwalej, mu gani." Kanari ɗaya na ba Cima, ɗiyar riƙona, yana ɗakina gefen keken ɗinki.

Alhamis, 5 Oktoba
Dada ta sake zuwa da nono daga wajen Tabotaki. Kakar Cima ce ta wajen uwa. Tun da uwar ta rasu, ƙanena ya miƙo mini yarinyar tana shekara biyu, ban bar tsohuwar ta wuce bakin ƙofa ba. Ɗiyar lakwal mai karatun boko ba ta da abin koyo a ruga. Ta tambaya ko Cima ta yi tsawo. Na ce ta yi.

Lahadi, 19 Nuwamba
Duka ukun sun fara surutu ƙasa-ƙasa, kamar jariri mai gwada baki. Ɗan kanarin zauren yakan yi tsit in tsohon na rerawa, ya karkata kai. Da yaran yanzu na sauraron manya haka!

Laraba, 10 Janairu 1979
Na zauren ya kama waƙar tsohon, har inda yake jan numfashi. Na tsaya da tsintsiya har shara ta watse. Maƙogwaro bai kai ƙwayar wake ba. Tsarki ya tabbata ga Mai halitta.
Gwara kuwa, wata huɗu gaban malami ɗaya, "cip, cip" ɗin ubansa kawai. Isiyaku ya dube ni ya yi murmushi. Gara da ya yi mini gori.

Juma'a, 2 Fabrairu
Namu na ɗaki ya buɗe baki. Muryar kanari ce, ba shakka, ba wanda ya koya masa ita. Amma waƙar guntu-guntu, tsakiyarta ƙarar kekena. Abin da ya samu ya ɗauka, bawan Allah. Ban yi dariya ba.

Asabar, 3 Fabrairu
Isiyaku ya ce a maida shi zaure tun bakinsa bai bushe ba. A ganinsa, in shekarar fari ta wuce, da wuya ya miƙe.

Litinin, 26 Fabrairu
Na iske Cima tana ba tsuntsun gero, tana rera wani abu da Fillanci. Layi ɗaya, sai ta tsaya, ta koma farko. Na tambayi wa ya koya mata. Ta ce, "Inna, ban sani ba. Nan ɗai nika iyawa, sauran ya ɓace."
Uwarta ke yi mata shi a goye. Na tuna. Shekara biyar yana cikinta, ni ina ta koya mata tebur na lissafi.

Alhamis, 8 Maris
Keji ya koma zaure. Jiya kanarin ya haɗa gaɓa biyu na waƙar daidai, ya sake ɓatawa, ya sake. Naci gare shi, wannan ɗan abu.
Dada ta kusa saba'in, tana tari.

Alhamis, 15 Maris
Ba don tsuntsu ba ne. Rana ce ta yi zafi, bai kamata tsohuwa ta tsaya a ƙofa ba, abin da addini ya ce ke nan. Na shimfiɗa mata tabarma. Cima ta yi layinta, tsohuwar ta ajiye ƙwarya ta ɗora na biyu.
Na faɗa wa kowa a gidan nan: duk ranar da Dada ta shigo gari, a nan za ta ci, a nan za ta yini, Cima na gefenta daga tashin lakwal har la'asar. Ba aike, ba radiyo. Keken ɗinki ma a rufe.