A Bar Mana Shimfiɗun Soso a Sito

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Fita Daji na ƙungiyarmu ta Hausawan Wheaton a Amurka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Alhaji da iyali suna lafiya, na rubuto ne a fili, domin sau nawa ina ɗaga hannu a taro ana cewa lokaci ya ƙure.

An sanar da cewa ranar Asabar za a kwashe tsofaffin shimfiɗunmu na soso daga sito a zubar, wai tarkace ne tunda mun koma kwana a gadon lilo, irin wanda ake ratayewa tsakanin bishiyoyi. Ranka ya daɗe, ban yarda ba.

Na ɗaya, mu a gida mun saba sanyi daga sama yake saukowa, sai mu yi ta lafta bargo. A gadon lilo ta ƙasa yake shiga, domin iska ce ke wucewa ƙarƙashinka. Shi ya sa ake ɗaura wa gadon bargo ta ƙasa. Sayensa da kwamiti ya yi daidai ne, amma gajere aka sayo, mai tsayawa a gwiwa, wai ya fi sauƙin ɗauka. Wa aka gwada? Ni dai ba a tambaye ni tsawona ba.

Na biyu, a fitar bara cikin duwatsun Virginia na tashi sallar asuba ban san inda yatsun ƙafata suke ba. Na yi alwala da ruwan sanyi, na koma na kwanta, abin ya ƙaru. Dardumar sallata na ninke na cusa ƙarƙashin dugadugai kafin na samu sa'ida. Da na dawo na bi na karanta, ashe gajeren bargo ba ya aiki shi kaɗai, sai an haɗa shi da guntun soso daga gwiwa zuwa ƙafa. Soson nan da muka bari a sito muna yi masa dariya, shi ne rabin kayan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu Ɗanladi, ƙanin mahaifiyata, ya rubuta sunansa a fitar bana. Yana da ciwon suga, ƙafafunsa ba sa ji sosai. Ni sanyi ya tashe ni. Shi ba zai tashe shi ba.

Don haka ina roƙo a dakatar da zubarwar nan. A yanka soson gida biyu, kowane gado ya samu nasa. Dattawa da dogaye kuma a nemo musu bargo mai kaiwa har ƙafa. In an ƙi, ranar Asabar za a same ni a ƙofar sito da motata, in kwashe abina, kuma Kawu ba zai hau dutse da ƙafa a waje ba.

Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya, Ya ba shi ikon yin adalci, Ya tsare masa ƙafafunsa daga irin wancan sanyi.

Wassalam.

Naka,
Nura, ɗan 'yar'uwar Kawu Ɗanladi