Ƙorafi a Kan Yadda Aka Bar Mama Pauline a Kan Dutse

Olive Davou Dalyop,
Germantown, Jihar Maryland.
Litinin, 18 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga:
Alhaji Ubale Misbahu,
Shugaban Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Arewa Mazauna Gaɓar Potomac,
Alexandria, Jihar Virginia.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Cin amanar da jagoran tafiye-tafiye na ƙungiya, Malam Elvis Bot, ya yi wa mahaifiyata a tafiyar duwatsun Maroko, da kuma ɓata mata suna da ya yi a gaban taro.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan ƙungiya. Ni Olive Dalyop, 'yar wannan ƙungiya kuma ma'aikaciyar jinya, ina rubuto wannan takarda a madadin mahaifiyata, Mama Pauline Dalyop. Ba ta san ina rubutawa ba. Da ta sani da ta hana ni, domin ita a wurinta kai ƙarar ɗan da ya ci tuwon hannunta abin kunya ne.

1. Kamar yadda Shugaba ya sani, a watan Yuli Malam Elvis ya sanar da tafiyar ƙafa ta mako guda a duwatsun Atlas. Ya ce tafiya ce ta 'yan koyo: a bi ƙauyukan kan tsauni sannu a hankali, kullum a kwana a masauki mai gado da abinci mai zafi, alfadarai su ɗauki kaya. Ya nanata cewa ba a barin kowa a baya. Mama ta haura shekara sittin, kuma a cikin duwatsu ta tashi, a ƙauyenmu da ke bayan Vom. Tun da ta zo ƙasar nan renon jikoki, abin da take gani ta taga bai wuce motocin babban titi ba. Ranar da aka nuna hotunan ƙauyukan nan a wurin taro, na ga ta matso da kujera har gaban allo tana share ido da bakin mayafi. A ranar na sa sunanta.

2. Aiki bai ba ni hutu ba, saboda haka ranar Asabar, 12 ga Oktoba, na kai ta filin jirgi ni da maigidana. A gaban mutane na kama hannunta na sa a cikin na Malam Elvis, wanda har zuwa watan jiya Yaya nake kiransa. Na gaya masa Mama ba ta jin Turanci, Hausa da Berom kawai take yi, don haka shi ne bakinta, shi ne kunnenta. Na kuma lissafa masa alamun ciwon da ke kama mutum idan ya hau inda iska ta yi ƙaranci: ciwon kai, amai, haki ko a zaune. Ya yi dariya, ya ce 'yar dutse ba ta ciwon dutse, ya ce ai uwarsa ce, in kwantar da hankalina. Mutumin nan, ranka ya daɗe, sanda ya zo ƙasar nan ba shi da kowa, a falonmu ya yi sanyin farko, kuma gwaten Mama ne ya raya shi.

3. Kwanakin farko lafiya lau. Mama ce ma a gaba, tana tsokanar 'yan matan da ke haki cewa madara ta lalata su. A ranar Talata, 15 ga wata, bayan sun hau wani ƙauye mai tsawo, kanta ya fara sarawa. Ta yi amai sau biyu a bayan masauki. Ba ta faɗa wa kowa a cikin ayarin ba, domin mace irin Mama ba ta baza ciwonta a gaban 'ya'yan mutane. Ta kira wanda aka ba amanarta gefe, ta faɗa masa komai dalla-dalla, har da cewa in ta kwanta ji take kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Ya ba ta maganin ciwon kai, ya ce gajiya ce.

4. A nan ne babban ƙorafina yake, kuma ina roƙon Shugaba ya karanta da natsuwa. Ɗan jagoran da aka ɗauka a can, mutumin ƙasar, yana da ƙa'ida: duk safiya sai ya tambayi lafiyar kowa, kuma wanda alamun nan suka bayyana a jikinsa, dole a sauko da shi tare da wanda ke jin harshensa. Da safiyar Laraba ya ga Mama tana tangaɗi, ya nemi Malam Elvis ya tambaye ta. Malam Elvis ya tsaya a gaban jama'a ya ce mata yaya jiki. Mama ta ce da sauƙi. Shi kuma ya juya ya gaya wa ɗan jagora da Turanci cewa ta ce ta warke.

Haba, ranka ya daɗe! Wane mai jin Hausa ne bai san "da sauƙi" ba? Na yi shekaru ina jinya a Jos kafin in zo nan. Na ga mutumin da ya ce mini da sauƙi da hantsi, kafin azahar aka rufe masa fuska. Amsar gaisuwa ce, ladabi ne, godiya ce ga Allah. Ba a taɓa ɗaukarta a matsayin bayanin likita ba. Da Bature ne ya yi wannan fassara, da na yi masa uzuri. Amma Malam Elvis a Bukuru aka haife shi, kuma shi kaɗai ne ya ji cikakken bayanin ciwon daga bakinta tun ranar Talata. Ya san in ya faɗi gaskiya shi zai sauko da ita, tunda shi aka ba amanarta, ya rasa hawan ƙololuwar da yake son ɗaukar hotonta don tallar tafiya ta gaba. Ya zaɓi hoto.

5. Da aka zo tashi Mama ta kasa ɗaura takalmi. Sai Malam Elvis ya gaya wa ayari cewa tsohuwa ta ce tana son hutawa, kuma mota za ta zo ta kai ta masaukin gaba. Ƙauyen nan babu hanyar mota, ko keke ba ya zuwa. Hajiya Hamida Nasir, wadda take cikin tafiyar, ta nemi ta zauna da ita, ya ce babu buƙata, ya riga ya shirya komai. Ita kuma Mama ya ce mata yanzun nan zai dawo. Ta zauna a kan dakalin masauki da jakarta a cinya, tana kallon hanyar da suka bi, tun safe har rana ta faɗi. Washegari ma can ta sa aka fito da ita, wai kada yaron ya dawo bai gan ta ba.

Matar mai masaukin ce, baiwar Allah da ba su haɗa harshe da Mama ba, ta ga leɓunanta sun canza launi. Ita da mijinta suka ɗora ta a kan alfadari, suka riƙe ta hagu da dama har gangare, inda aka samu mota zuwa asibiti. A can matar ta ɗauki wayar Mama ta danna lambar da ta gani a sama. Ina tsakiyar aiki na ji muryar da ban sani ba tana kuka tana kiran sunan Allah. Likita ya ce ruwa ya taru a huhunta, kuma da an ƙara kwana ɗaya a sama, da gawa za a sauko da ita. A daidai lokacin hotunan Malam Elvis a kan ƙololuwa suna ta shigowa zauren ƙungiya na waya, ana ta yi masa jinjina.

6. Duk da haka, da aka sallame ta ta dawo nan, ban tayar da maganar ba, saboda Mama ta ce yaro ne, zai zo ya ba da haƙuri. Bai zo ba. A taron ranar Asabar, 9 ga Nuwamba, wanda Shugaba bai samu halarta ba, Malam Elvis ya miƙe ya ce darasin da aka koya shi ne dattawa su daina ɓoye ciwo, domin Mama da bakinta ta ce da sauƙi, kowa ya ji. Aka yi dariya. Mama tana zaune a layin gaba da kular gwaten da ta dafo wa taron.

7. Tun daga ranar ba ta sake fita ba, ko coci. Ta ce ita ce ta jawo wa yaro magana, ita ce ta ɓata wa mutane tafiya. Ta haɗa kayanta a akwati ta ce in sai mata tikitin komawa gida kafin Kirsimeti. Huhunta bai gama warkewa ba, kuma a ƙauye babu mai kula da ita. Na yi roƙo, jikoki sun yi kuka, ta ce ba za ta zauna a garin da ake nuna ta da baki ba. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na ba da uwata ga mutumin da na ɗauka ɗan'uwa.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon Shugaba abubuwa kamar haka. Na farko, a dakatar da Malam Elvis daga jagorancin tafiyar watan Afrilu, wadda na ga iyayen mutane har sun fara ba da suna. Na biyu, kwamitin dattawa ya saurari Hajiya Hamida, kuma ya kira ɗan jagoran na can, lambarsa tana hannuna. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci a wurina, Malam Elvis ya miƙe a taron Disamba, a inda ya tsaya wancan karon, ya faɗa da Hausa abin da Mama ta gaya masa ranar Talata da abin da shi ya fassara ranar Laraba. In ta ji wannan da kunnenta, ina sa ran za ta kwance akwatin.

Ina kuma roƙon Shugaba ya tako da kansa ya gaishe ta, don tana ganin girmansa ƙwarai. Zai same ta a ɗaki, ta rame, tana tari. Zai ce mata yaya jiki, ni kuma na san amsar da za ta ba shi, shi ma ya sani. Ina roƙon a wannan karon a ji ta yadda mai jin Hausa yake ji.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci. Na gode da lokacin da aka ba takardata.

Taka cikin girmamawa,

Olive Davou Dalyop
'Yar Mama Pauline Dalyop