Kalkuletar da Ta Fi Ƙarfin Makaranta

Baban Corinne,

Na wuce asibiti, aikin safe gare ni.

Jiya Malama Novak ta dawo wa Corinne da kalkuletar da ka saya mata. Wai kalkuletar ba za ta shiga ɗakin jarrabawa ba, don da kanta take warware lissafin, yaro sai dai ya kwafa. Tun farko makaranta ta ce ƙaramar kalkuleta mai zana layin lissafi kawai ake so, amma ka tsaya a kanti kana hura hanci, wai 'yarka ba za ta riƙe irin ta kowa ba. Mayarwa kuma babu, tunda ka sa ƙusa ka zana sunanta a baya don kada a sace.

Jarrabawar gobe ce, yarinya ko abinci ta kasa ci.

Ɗan maƙwabcinmu Mista Brandt yana da wadda ake so. E, Brandt ɗin da kuke gaba saboda shinge. Ka je ka aro, kuma ka gaishe shi da fara'a.

Taka mai ilimin na tokare gajeriyar ƙafar teburin kicin da ita. Ya daina rawa. Ka ga ba a banza ka saya ba.

Loretta